Yadda Za Ka Yabi Littafin Malamar Laburare Ba Tare Da Ka Karanta Shi Ba

Malam, share gumi. Malamar laburaren da kake nema da aure ta ara maka ƙaton littafi, labarin ɗaliban wata tsohuwar jami'a masu ƙungiyar asiri da aka tsinci gawar farfesansu a ɗakin karatu. Gobe take son jin ra'ayinka, ta kuma rantse ba ta auren malalacin karatu. Kai kuwa tun shafin farko barci ya sace ka. Bi matakan nan, aure kamar an ɗaura.

1. Wahalar da littafin

Littafin da aka karanta ba ya sheƙi. Zauna a kansa, ka lanƙwasa bangon. Ban da ɗigon shayi, malamar laburare ce fa!

2. Shiga da ajiyar zuciya

Ajiye shi a teburinta, ka kalli silin, ka ce, "Hmm. Ilimi ba tarbiyya masifa ne." Masana sun tabbatar, duk wanda ya kalli silin ya yi zurfi.

3. Zargi kowa

Ka ce tun farko ba ka yarda da ɗalibin nan mai shiru-shiru ba. Kada ka ji tsoro, irin littafin nan ba ya rasa mai shiru-shiru. Suna dai kada ka kama, ko da wasa.

4. Yabi ƙarshen

Nan ake cin kasuwa. Dafe ƙirji ka ce, "Ƙarshen nan ya girgiza ni!"

Sau ɗaya tak matakin nan ya taɓa ba da kunya. Wani abokina mai gyaran fanka ya faɗa wa tasa malamar haka, har da ƙwalla. Ta yi murmushi, ta jawo durowa.

"Wane ƙarshen, Malam? Babin ƙarshe ya daɗe da ɓallewa, ga shi nan a wurina. Wanda ya karanta da gaske, a guje yake dawowa neman sa."

Telan unguwarsu, wanda shi ma ta ara wa littafin, shi ne ya dawo a guje, da tef a wuya, yana tambayar wa ya kashe farfesa. Wallahi na tausaya wa abokina, don shi aka kira ya ɗaura fankokin gidan amarya da ta auri telan.

5. Saboda haka

Leƙa shafin ƙarshe, ka ga ko babin yana nan. Leƙawa ai ba karatu ba ne, mutuncinka na nan.

Gargaɗi: ba ruwana da duk abin da ya biyo baya. Idan ta jawo durowa, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Ka dai koyi ɗaura fanka.