Rasuwar Boris ɗin da Inna Take Gane Ni da Shi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har na rasa inda zan sauke shi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk mai mota rasuwar boris ɗin tayar gaba ta hagu na motata mai aiki da lantarki. Ya rasu ranar Talata da hantsi a garejin bakanike, mota tana kan jak, bayan jinyar wata takwas. Ni na ce a cire shi, kuma har yanzu ban yafe wa kaina ba.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan zoben ƙarfe ne mai ƙwallaye a ciki, a kansa taya take juyawa. Shekara huɗu ya yi yana dakon batirin nan mai nauyin tsiya, ya shiga rami, ya shiga ruwa, bai taɓa neman a ce masa sannu ba.

Ciwon ya fara da ɗan nishi, wuuu, can ƙasa-ƙasa. In na ƙara gudu ya ɗaga murya, in na karya kwana dama sai ya koma wuu-wuu-wuu kamar injin niƙa daga nesa. A motar mai, rurin inji zai rufa masa asiri. Tawa ba ta da wannan rurin, don haka duk layinmu an san ba shi da lafiya.

Ga dalilin da ya sa nake kukan ƙarfe, kafin ku ce na zautu. Inna, mahaifiyata, idonta ya tafi shekara uku da suka wuce, tun bara kuma tunaninta ya bi bayansa. Har muryata ta daina ganewa. Kujerarta tana jikin tagar falo, kuma kwanar shiga layinmu dama take karyawa. Da marigayin ya fara ciwo, kullum ƙarfe biyar da rabi ina karyo kwanar sai ta ɗaga kai ta ce, "Auta ya dawo, a buɗe masa ƙofa." Daga nan har ta kwanta ni ɗanta ne. Ta laluba kunnena ta ja, ta ce na rame, ta karɓi abinci daga hannuna.

To ku faɗa mini, wa zai kai irin wannan asibiti?

Na ɓoye ciwon iya ɓoyewa. Da matata ta matsa, na je na ce wa bakanike tayoyi ne. Ya sauya musu waje, kukan yana nan inda yake. Ya ɗaga motar, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta amsa masa da ƙwas-ƙwas. Ya ɗora hannu a kan sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke bayan taya, ya juya tayar, sai ya kalle ni ya ce, "Malam, ai gawa kake yawo da ita. Wata rana tayar nan za ta riga ka isa gida." Na roƙe shi ya ɗan sa giris a lallaɓa. Ya ce a rufe yake zuwa, ba a buɗe shi, canjawa kawai ake yi. Sau biyu ina cewa zan dawo, ina gudu. Makon jiya fitilar birki ta kama, tayar ta yi zafin da ba ta taɓuwa, ga 'ya'yana mata biyu a kujerar baya. Ranar na san babu sauran wayo.

An sa sabo. Lafiyayye ne, ba ya ko tari, kuma wallahi na tsane shi.

Ranar da aka sa shi na karyo kwana shiru, na shiga falo na tarar da Inna ta juya fuska wajen taga. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ne." Ta ce, "Sannu, bawan Allah. Zauna ka jira, ɗana bai dawo ba tukuna." Yau kwana shida ke nan ina zaune ina jiran kaina. Ta ce ba za ta ci komai ba sai Auta ya dawo, ruwa ma sai matata ta yi ta lallashi.

Babu abin da ban gwada ba. Na juya gawar da hannu a bakin taga, sai ƙarar yashi kawai. Na tsaya a waje na yi wuu-wuu da bakina, ta ce a duba baƙon nan ko haƙori ke damunsa. Wata takwas waya tana aljihuna, ban taɓa tunanin in naɗi muryarsa ba. Kaicona!

Marigayin ya bar 'yan'uwa uku a sauran tayoyin, dukkansu bebaye. Ya bar ni, ya bar tsohuwa a bakin taga.

Bakanike ya nemi a jefa shi a durom ɗin tsofaffin ƙarafa, na hana. Yana kwance a kwalin magajinsa, ƙarƙashin kujerar Inna, kuma ba za a binne shi ba sai ta ci abinci. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida kullum ƙarfe biyar da rabi. Kada a zo da komai. Sai dai duk wanda yake da motar lantarki da boris ɗinta na gaba ya fara wannan kuka, don Allah kafin ya kai ta gyara ya biyo ta layinmu, ya karya kwanar a hankali. Ba sai ya tsaya ba. Ina nan bayan ƙofa da takalmina a ƙafa da kwanon abinci a hannu, da zarar na ji ta ce a buɗe, zan shiga.