Daminar da Na Karɓe Regen Gero

Da tsakuwa ta sake fita mini a fitsari, bayan na sha birgima, sai na aza ta a tafin hannu, na yi mata kallon masana. Nan take na gano mai laifi: matata Hadiza ba ta rege gero da kyau.

Ta ce, “Maigida, kai da ke wuni gona ba ka kurɓi ruwa ba, ga lasar kanwa?”

Na ce ƙin shan ruwa jarunta ce, ba cuta ba. Na karɓe ƙorai. Damina guda, ni da gemuna, ina tsakar gida ina rege, matan garinmu Karofane na leƙe ta kan darni, ni kuwa har gyara zama nake su koya.

Da kaka sai ga wata tsakuwar, uwar ta baya, ta kada ni tsakiyar kasuwa. Bisa jaki aka kai ni asibitin Madawa. Likitan Nasara ya tambaya, “Yana shan ruwa?” Hadiza ta dube ni.

Har yau duk mai gini a garinmu sai ya aiko: “A gai da Baba, in dutsi ya samu a aje muna.”