Laka a Gindin Turke

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, tsakiyar bazara, bayan la'asar, a gidana da ke Keita. Mu uku ne a gindin turke: ni, da maƙwabcina Alhaji Illa, da likitan dabbobi da na kira musamman domin ya zama shaida.

Tun a lakwal, wato makarantar mishan, aka koya mini cewa ƙazanta ce uwar cututtuka, kuma duk tsawon aikina na koyarwa sai na duba faratan yara kafin in duba rubutunsu. Saboda haka, da hantsar jar saniyata ta kumbura, ta yi zafi, madara ta soma fitowa da gudaji, ban tuhumi gidana ba ko kaɗan. A gidana ana wanke hannu da sabulu kafin tatsa, kuma kowace saniya da tsumman gogarta. Lalle wani hannu ne daga waje.

Danga ɗaya ce tsakanina da Alhaji Illa, aminina tun samartaka, wanda iyalinsa ke sayar da fura. Sai na ga kamar nonon furarsu ya ƙaru. Na gano wata 'yar kafa a jikin danga. Har gaisuwarsa ta safe na shiga aunawa: don me yake tambayar lafiyar shanu? (Tun da can haka yake tambaya, amma ban ga damar tunawa ba.)

To, ran Larabar nan, na nuna kafar da sandata, na ce, "Alhaji, ta nan ake shigowa ana tatsar mini saniya da hannu mai dauɗa."

Ya dube ni, ya dubi kafar. "Malam, ni kaka tuhuma? Wagga kafa, ko akuya sai ta yi azumi ta wuce."

Likita ya matsa kusa da saniyar. Ya durƙusa ya damƙi ƙasar turken, sai ga laka ta cika masa hannu. Ya ce, "Wa ke jiƙa wurin nan?"

Na gyara tsayuwa. "Ni da kaina, safe da rana, domin su ji sanyi. Ba na bar wa kowa wannan aiki."

"Kuma da an gama tatsa, nan take kwantawa?"

"Nan."

"To, Baba, kan nono ba ya rufewa nan take bayan tatsa. Ga ruwa, ga kashin shanu, ga wannan zafi: ai cuta kake dafa mata. Bar wurin ya bushe, ka yi mata rumfa, in an tatse ta a zuba mata harawa ta ci a tsaye."

Alhaji Illa ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Ashe ɓarawon ya yi lakwal," ya fice.

Na dai koyi cewa tsabtar faratai ba ta hana mutum zama sakarai.

Saniya ta warke, amma nono ɗaya ya mutu. Alhaji Illa bai amsa gaisuwata ba sai bayan girbin gero.