Yadda Za Ka Cika Cocinka Da Ƙafar Vero

Kai mai son zama babban bawan Allah ba tare da ka wahalar da kanka wajen bautar Allah ba, matso kusa. Ni ne Dabo mai fenti. Shekara arba'in da ɗoriya ina rubuta alluna a bakin titin Kano zuwa Katsina. Aji huɗu na yi a firamare, amma tsakanin Kankia da Kusada babu allon kemis, na mai faci ko na mai maganin basir da hannuna bai taɓa ba. Ni Kirista ne ɗan Kirista, a rafi aka yi mani baftisma tun ba a san lasifika ba, don haka kada wani ya ce baƙo ne ya shigo gidan mutane yana zagi. Gidanmu ne.

Ga alkawarina: ka bi matakan nan bakwai, kafin damina biyu benci ya yi maka kaɗan. Na ga an gwada a gaban idona, a hannun Fasto Obi na cocin Dutsen Tsarki da Nasara, kuma da shi zan riƙa yi maka misali.

Mataki na ɗaya: Fara da allo, coci ya biyo baya

Tsohon faston ƙauyenmu keke gare shi. In ka kwanta ciwo ya zo da kunu a jug, ya zauna bakin tabarmarka har ka shanye. Bai taɓa kafa ko kwalin suna ba. To ya mutu, kuma bayan Kafin Soli ba wanda ya san an yi shi. Kada ka maimaita wannan kuskure.

Allonka ya fi cocinka girma. Fasto Obi shago ɗaya ya kama, benci huɗu, amma allon sai da aka kafa masa ƙafafun ƙarfe biyu daidai inda motocin haya ke tsayawa. Hotonka a sama, farin kwat, yatsa na nuna gajimare. Uwargida a gefe, ɗankwali har gira. Sunan Yesu a ƙasa, in wuri ya rage. Ranar da na kai masa zanen farko ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan sunan.

"Baba Dabo, ka ɗan rage wannan. Yana matse lambar wayata."

Na rage. Mai fenti ba ya gardama da wahayi.

Mataki na biyu: Nemo zunubin da ba naka ba

Coci ba ya cika sai da abin tsana. Zaɓi zunubin da ba ya zaune a bencin gaba. Ɗan kunne, wandon mata, ƙarin gashi, jan baki: waɗannan ba su da mota, ba su saya wa coci janareta. Rubuta a allo da manyan baƙaƙe: A DAWO DA TSARKI IRIN NA DA. Kada ka faɗi wane da, kai ma ba ka sani ba.

Wanda ke jiƙa gyaɗa kafin ya kai ta sikeli, da wanda ya kori yarinyar shagonsa ranar da cikinta ya fito, alhali ya fi kowa sanin mai cikin, waɗannan ka kira su ginshiƙan ikilisiya. Ka zagi duniya da wayar hannu iya ƙarfinka, amma ka tabbata akwai mai ɗaukarka da waya, ta ɓangaren da fuskarka ta fi kyau.

In kana cewa a ranka ai maƙwabtanmu Musulmi ma suna da irin waɗannan, na sani, ni na rubuta allunansu. Wankin gidanmu nake yi yau. Su ma suna da nasu masu sabulu.

Mataki na uku: Samo mu'ujiza mai fuska

Wa'azi ba ya tsayar da mota. Hoto ke tsayar da ita. Kana bukatar mutumin da gari ya sani, mai rauni, wanda ba ya iya ce wa fasto a'a.

Fasto Obi ya sami Vero. Matar marigayi Lucas makanike ce, shekara ashirin tana soya ƙosai da doya a bayan tashar Kankia, ba direban da bai ci na hannunta ba. Mai babur ya kwashe ta wata safiya, ƙafar hagu ta karye ƙasa da gwiwa. Aka ɗaure ƙafar, aka ba ta sanda, aka ce kada ta taka sai bayan wata uku.

A mako na biyar coci ya yi babban taron addu'a. Ga yadda ake yi, ka riƙe. Ka sa ganga ta yi zafi. Ka kira ta gaba. Ka fizge sandar ka ɗaga sama, mata biyu 'yan ƙungiyar zumuntar matan coci su riƙe ta ta hammata, ka daka tsawa ka ce ta miƙe. Za ta miƙe, ai a riƙe take. Za ta buɗe baki ta ɗaga kai sama, hawaye na zuba. Azaba ce, amma a hoto ba a bambance ta da murna. A nan mai waya zai danna.

Ni na kai hoton har Kano wurin masu buga allon leda, ni na tsaya a kansu suka yanke matan nan biyu. Hannun ɗaya ya ƙi fita, ya rage a kafaɗar Vero. Na buga wa Fasto waya na ce a goge shi.

"A'a, Baba, a bar shi. A ɗan haskaka shi kawai. Wanda ke da idon ruhu zai gane hannun wane ne."

Hannun matar mai jiƙa gyaɗar nan ne, har da zobenta. Muka sa Fasto da farin kwat ɗinsa a gefenta, muka ɗora ledar a allon bakin titi. Muka rubuta a ƙasa: TA JEFAR DA SANDA! ZO KA JEFAR DA TAKA. Lahadi uku, aka ƙaro benci goma.

Mataki na huɗu: Tsare mu'ujizarka kada ta lalace

Ga matsalar mu'ujizar cikin gari: tana fita kasuwa. Kowa na ganinta. Don haka ka kai mata ziyara. Ba sai ka riƙe kunu ba.

Vero ta ba ni labarin da bakinta. Fasto, wanda 'yan coci ke kira Dadi, ya same ta a ƙofar ɗaki, ta aro wata sanda tana lallaɓawa za ta wurin suya.

"Sista Vero, mene ne wannan a hannunki?"

"Dadi, ƙafar ce. Tun ranar taron ba ta bar ni na runtsa ba."

"Ba ƙafa ba ce, shakka ce. Sunan Ubangiji na bakin titi da fuskarki a jiki. In mutanen garin nan suka gan ki da sanda, wa za su yi wa dariya? Ni? Ko Shi?"

Ka lura da gwaninta. Ba ka ce ta taka karyayyiyar ƙafa ba. Ka dai ɗora mata mutuncin Allah a kai, ka bar ta da shi. Ya tafi da sandar aron, ta farkon kuwa tuni an rataye ta a bangon coci bayan bagade, an ɗaura mata jan ƙyalle.

Akwai riba ta biyu. Matan zumunta da ke kai mata tuwo kullum suka daina, don wa ke kai wa warkakke abinci? Sai Vero ta koma suya, tana dafa bango, tana takawa. Ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi, ta fara sheƙi.

In ta ambaci asibiti, ka yi wa'azi a kan masu ƙaramar bangaskiya. Kai kuma ka ci gaba da zuwa Kano duk wata a auna maka hawan jini. Ka ce wa ikilisiya ka hau dutse yin addu'a. Ofishin likitan a bene yake, ba ka yi ƙarya sosai ba.

Mataki na biyar: Hukunta wanda ya ɓata maka talla

Kowace talla na da maƙiyi, kuma yawanci maƙwabciya ce. Ta Fasto Obi sunanta Zuliha, mai awara, wadda kaskonta ke kusa da na Vero tun kafin a haifi rabin 'yan kamashon tashar. Wata rana zanen Vero ya ɗan janye, Zuliha ta ga ƙafar, ta saki matsami.

"Innalillahi! Ke Bero, wagga ƙafa ce ko kabewa? Tashi mu tafi."

"Ki bari, Zuliha. An ce in na nemi wani magani na ƙaryata abin da Allah ya yi."

"Allah dai bai rubuta allo ba, Dabo ya rubuta. Tashi, ko in sa 'yan tasha su ɗauke ki cak."

Ta kai ta Kusada wurin yayanta Harisu mai ɗori. Harisu ba shi da allo, bishiyar durumi ce kawai a ƙofar gidansa. Ya dubi ƙafar, ya taɓa da bayan hannu, ya yi abin da ba zan taɓa ba ka shawarar yi ba: ya ce bai iya ba.

"Wanga ya wuce hannuna. In aka ƙara kwana uku, sai dai a yanke. Ku tashi, Katsina za mu."

Shi ya zauna a gaban mota har asibiti. Aka yi mata aiki, aka sa ƙarfe.

To a nan za ka nuna kai shugaba ne. Ranar Lahadi ka sanar cewa 'yar'uwa Vero ta kai jikinta, haikalin Ubangiji, gidan marasa ba da gaskiya, don haka an sa ta ƙarƙashin horo: bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, ba waƙa, sai ta tuba a gaban jama'a. Ka yi maganar da muryar baƙin ciki. Amma allon, kada ka taɓa shi. Mutum ana iya korarsa. Hotonsa na ikilisiya ne.

Mataki na shida: Kada ka bar inuwa a ƙarƙashin allonka

Wannan shi ne matakin da Fasto Obi ya tsallake, kuma don shi na ɗauki biro.

Bayan wata biyu Vero ta dawo, a rame, da sabuwar sanda da Harisu ya sassaƙa mata. Tsohon wurin suyarta ya yi mata nisa. Zuliha ta duba gabas ta duba yamma, ta ga ba inuwar da ta kai ta allon nan faɗi, ga shi nan motoci ke tsayawa. Suka kwashi kasko biyu suka dasa a gindinsa.

Sai ka ga mota ta tsaya, fasinja ya leƙo ta taga. Ya dubi sama: mace tsaye, hannu a sararin sama, TA JEFAR DA SANDA. Ya dubi ƙasa: matar nan dai, zaune a kujera 'yar tsugunne, sanda jingine da ƙafar allon. Ya sake duban sama.

"Madam, don Allah ba ke ce waccan ba?"

"Ni ce, ɗana."

"To ina sandar da kika jefar?"

"Tana coci tana ibada. Wannan ƙanwarta ce. Ƙosai ko doya?"

Kafin mako ya zagayo direbobi har rage gudu suke yi su nuna wa fasinja. Wanda bai yi niyyar cin ƙosai ba ya sauko don ya gani da idonsa, in ya sauko kuma kunya ta sa ya saya. A shekara arba'in ban taɓa rubuta allon da ya yi aiki irin wannan ba.

Fasto ya zo da kansa da tsakar rana, cikin farin kwat, ina zaune a benci ina cin awara.

"Sista Vero, ki tashi daga nan. Wurin coci ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ƙosanta tukuna.

"Dadi, fuskata ce a sama, ƙafata ce a ƙasa. Wacce za ka kora?"

Zuliha ta miƙa masa awara a takarda. "Ci, Malam Fasto, sadaka ce. Ba sai ka warkar da kowa ba."

'Yan kamasho suka fashe da dariya. Bai karɓa ba.

Mataki na bakwai: In talla ta juya maka baya, sauke ta ka ɗora wata

Washegari ya kira ni na sauke ledar. Ya ce in ƙona ta. Ni ba na ƙona aikina. Na naɗe na kai wa Vero, muka kafa sanduna huɗu muka yi musu rumfa ita da Zuliha, hoton na kallon ƙasa. Yau in ka je za ka ga fasto yana leƙen kasko daga sama, hayaƙin itace ya mayar da farin kwat ɗin kalar gawayi. Ba ya yoyo ko a watan Agusta. Shi ne karo na farko da na ga ya rufa wa wani asiri.

Kada ka ɗauka ya faɗi. Sabon allo ya hau a makon, da hoton wani makaho da ya ga gari a wata jiha mai nisa, wanda ba sunansa, ba kuma ranar da zai zo Kankia sayen ƙosai. Benci na nan cike. Wannan shi ne darasin duka, kyauta na ba ka: mu'ujiza daga nesa ake sayo ta, kamar zuma.

Vero na ɗingishi, kuma da shi za ta mutu, amma ƙafar tata ce, tana jikinta. Ba ta je ta tuba ba. Ranar Lahadi tana zuwa ƙaramin cocinmu na laka, inda ba allo, ta jingine sandarta a bango ta yi waƙa.

Sanarwa

Ni Dabo ba ruwana da abin da zai biyo baya in ka bi matakan nan. In benci ya cika, naka ne. In ƙafar wani ta ruɓe, ko wata Zuliha ta gano inuwarka, ko ranar nan ta zo da za a tambaye ka abin da ka yi da gwauruwa, kada ka ambaci sunana. Ni fenti kawai nake shafawa.

Haka na faɗa wa Vero ranar da na kai mata ledar. Ta dube ni ta ce, "Baba, wa ya yanke matan da suka riƙe ni?"

Har yau ban ba ta amsa ba. Kai ma ka tanadi taka, ba na ba da aro.