Yadda Ake Ɗaukar Ƙwallo a Filin da Babu Kowa Ba Tare da An Kore Ka Ba

Idan kai mai riƙe kyamara ne a gidan talabijin, annoba ta zo ta kwashe 'yan kallo ta bar ka da kujeru, to gyara zama ka saurare ni. Na yi maka alkawari, duk wanda ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya zai kai ƙarshen kakar wasa da aikinsa a hannu. Mu biyu muka soma wannan sana'a tare, ni da abokina Dogo. Ya fi ni hannu, ya fi ni ido, kowa ya sani. Ni na bi matakan duka, shi ya tsallake ɗaya. Shi ya sa yau ni ke ba da shawara.

Mataki na 1: Miƙa hancinka

Kafin ka ga ciyawar fili sai ka ga Malama Nas. Tana zaune a cikin tanti a bakin ƙofa, da tsinke mai auduga a hannu. Za ta ce maka, "Ɗaga kai, babu zafi." Ka yarda da rabin farko na maganar.

Kada ka yi tari a layi. A wannan zamani gara a kama ka da kayan sata da a ji ka yi tari. In ya taso maka, mayar da shi dariya, ko ka haɗiye shi har idonka ya kawo ruwa.

Dogo ne kaɗai ke iya wasa da ita. Ran nan ta tura tsinken, ya ce, "Malama, a hankali, kin taɓo tunanin da nake yi."

Ta ce, "Na duba wurin, babu kowa."

Kana tsaye hawaye na zuba za ka ga motoci masu baƙin gilashi suna shigewa ta ɗaya ƙofar, babu tanti, babu tsinke. Kada ka tambaya. Masana sun tabbatar mini cewa cutar tana da tarbiyya, ba ta shiga motar manya sai an yi mata izini.

Mataki na 2: Koyi ɗaukar abin da ba ka gani

Takunkumin fuska zai tura numfashinka sama, tururi ya rufe gilashin da kake leƙawa. 'Yan wasa za su koma kamar aljanu a banɗakin da aka yi wanka da ruwan zafi. A daidai lokacin Oga Darakta zai yi magana a kunnenka. Shi yana can cikin motar watsa shiri, cikin sanyi, allo goma a gabansa.

"Kyamara ta uku, ina ƙwallo?"

Amsa ɗaya ce: "Ga ta nan, Oga." Sai ka bi inda mutane suka fi yawa suna gudu. Yawanci tana wajen.

Duk tsananin tururi kada ka sauke takunkumi ƙasan hanci. Akwai Jami'in Lafiya, wani siririn mutum da ke zagaye fili da waya a hannu. Ba ya yi wa kowa faɗa. Hoto kawai yake ɗauka ya ajiye, kuma ba mutumin da ke goge hoto ba ne.

Mataki na 3: Ɓoye kujeru

Mai kallo a gida ba ya son a tuna masa da annoba, ita ya gudo wa ya kunna talabijin. Saboda haka matse hoto. Ƙafa, ƙwallo, ciyawa. In kyamara ta zame ta nuna layin kujeru babu kowa, Oga zai kira sunanka da irin muryar da ake kiran ɗan haya.

Kulob ya kafa mutanen kwali a bayan raga, fuskokin magoya baya ne aka manna. Nuna su daga nesa. Daga kusa za a ga ruwan sama ya jiƙa wani alhaji har ya durƙusa, ga wata baiwar Allah iska ta juya ta tana kallon bango tun makon jiya.

Ihun jama'a kuma aikin Mai Sauti ne. Yana da maɓallin murna, yana da na takaici. Ka riƙa gaishe shi da girmamawa, domin shi kaɗai ne ya zama mutum dubu talatin. Wani lokaci yatsansa kan zame. Ranar da aka fitar da ɗan baya a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, filin da babu kowa ya ɓarke da tafi da shewa har aka shige da shi.

Wata matsalar ita ce yanzu ana jin komai. Abin da ɗan wasa ke faɗa wa alƙali game da iyayensa, wanda da ihu ke rufewa, yanzu yana shiga falon kowa tas. Surukarka za ta ji. Ka shirya.

Mataki na 4: Koma gida a matsayin babban mutum

An ba ka katin wucewa, an rubuta cewa aikinka yana cikin ayyukan da ba a iya dakatarwa. Rataya shi a wuya ko shago za ka je. Maƙwabta da dokar kulle ta tsare za su leƙo ta taga suna kallonka kamar likita. Yi tafiya a hankali, ka ɗan sunkuyar da kai irin na wanda ya gaji da ceton rayuka.

Girman yana ƙarewa a bakin ƙofa. Nan matarka ta ajiye bokiti da sabulu.

"Baban yara, tuɓe a nan."

"Mutane na wucewa fa."

"Kulle ake yi, babu mai wucewa. Tuɓe."

Surukarka, wadda kulle ya rutsa da ita a gidanku, za ta yi magana daga falo. "Likita na gane, mai burodi na gane. Kai kuma wa zai mutu in ba ka ɗauki ƙwallo ba?"

Ka ce, "Mama, hankalin jama'a muke kwantarwa."

"Da wannan zagin da na ji ɗazu?"

Wuce ɗakin ajiya inda aka shimfiɗa maka katifa tsakanin akwatuna da tsohuwar fanka. Ƙaramar 'yarka za ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta nuna maka haƙorin da ya fita, ka yaba daga inda kake.

In ka ji kamar an zalunce ka, tuna da Dogo. Mahaifiyarsa tsohuwa ce mai ciwon suga, tun da aka dawo wasa bai taka ɗakinta ba, daga tsakar gida yake gaishe ta. Mahaifinsa kuma ya rasu muna killace a masauki kafin wani babban wasa. Ya nemi izinin fita, aka ce in ya fita ba zai dawo cikinmu ba, doka ce, ba a yi don wani ba. A waya ƙaninsa ya nuna masa jana'izar, hoton yana tsayawa yana tafiya. Washegari ya ɗauki wasan, kuma bai rasa ƙwallo ko sau ɗaya ba.

Mataki na 5: San inda kyamara ba ta kallo

Wannan shi ne matakin. Sauran duk ado ne.

A saman fili akwai ɗaki na gilashi, na Shugaban Kulob. Kafin kowane wasa Oga yakan ce, "Sama babu komai." Ka fahimci Hausar. In ka hango fitilu a kunne, da masu kai faranti suna shiga suna fita, to babu komai ɗin ne ke cin abinci.

Ranar wasan da zai hana kulob ɗin faɗawa ƙaramin rukuni, Dogo yana kan kyamara ta biyu, ni ina ta uku. Ana dab da tashi kulob ɗin ya zura ƙwallo. Duk mai wannan sana'a ya san abin da hannu ke yi in an ci: ya bar raga ya nemi fuskar da ke murna. Ni hannuna ya sami horo, na sauke shi kan ciyawa. Na Dogo ya tashi sama.

Ga Shugaba ya rungume wani mai babbar riga suna tsalle. Ga mata, ga yara, ga abokai cike da ɗaki kafaɗa da kafaɗa, bakin kowa a buɗe, babu ko ƙyallen takunkumi. Wannan Shugaban ne fa wanda fuskarsa ke kan allon ƙofar fili yana roƙon jama'a su zauna a gida.

Hoton ya yi kyau ƙwarai. Kyansa ne ya sa yatsan Oga ya danna shi ya tafi kai tsaye kafin ƙwaƙwalwarsa ta iso. Mai Sauti kuma ya ga mutane na murna, ya ƙara musu ihu.

Sai muryar Oga ta dawo, ƙasa-ƙasa. "Kyamara ta biyu, sauka. Dogo, sauka. Ciyawa, Dogo."

Dogo ya ƙara matso da hoton, har ana ganin maiƙo a leɓen Shugaba.

"Ta uku, me kake da shi?"

Na ce, "Ciyawa, Oga."

Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka." Aka mayar da hoto kan kyamarata. Duk ƙasar ta kalli ciyawata, kuma ban taɓa ɗaukar ciyawa mai kyan ta ranar ba.

Mataki na 6: In an kira taro, ka zama ba ka gani ba

Kafin mu naɗe wayoyi hoton ya zagaye wayar kowa. Da safe kulob ya fitar da sanarwa cewa tsohon hoto ne na bara aka saka bisa kuskure. Gidan talabijin ya ba da haƙuri. Cewa rigar da Shugaba ya sa a hoton ita ce wadda ya yi hira da ita bayan wasan, wannan ya nuna mutum ne mai tattali.

Manajan gidan talabijin ya tara mu a wurin ajiye motoci, kowa nesa da kowa. Ya ce shi ba ya hukunta ma'aikaci a kan hoto, gidan nan gidan 'yanci ne. Sai Jami'in Lafiya ya matso da wayarsa. Ga Dogo, makonni da suka wuce, takunkumi a ƙasan hanci yana goge gilashi.

"Ka jefa rayuwar abokan aikinka cikin haɗari," in ji Manaja. "Ba mu da zaɓi."

Dogo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni kaɗai na ga saman nan ba. A tambayi na kusa da ni."

Manaja ya juyo. "Kai ka ga wani abu?"

Ga abin da za ka ce, haddace shi: "Ranka ya daɗe, tururi ya rufe mini gilashi."

Abokinka zai dube ka. A nan za ka gane ainihin amfanin takunkumi. Likitoci sun ce yana kare na kusa da kai daga abin da ke fitowa daga bakinka. Ni shaida ne, yana kuma riƙe fuska kada ta faɗi.

Da yamma aka ba ni kyamara ta biyu. Tana da inuwa, da kujera mai jingina.

Mataki na 7: Je ka gaishe shi, amma da tazara

Bar ƙura ta lafa tukuna. Kada ka je da katin wucewa a wuya, sa shi a aljihu.

Na sami Dogo a ɗakin mahaifiyarsa. Tunda ya daina fita, an gwada shi babu komai, ya koma shiga. Yana zaune a ƙasa, ƙafarta a kan cinyarsa, yana yanke mata farce. Ya ce wata makaranta ta ɗauke shi yana ɗaukar darussan malamai da waya ana tura wa yara. Kuɗin ba ya isa, amma ana ci. Matarsa ta kawo mini ruwa ta ajiye a bakin ƙofa, gaisuwarta gajera.

Na tsaya daga waje na ce, "Dogo, tsakani da Allah, hannu ne ya zame ko da gangan ka yi?"

Bai ɗago ba. "An ci ƙwallo, na nemi masu murna. Su kaɗai ne masu numfashi a wurin." Ya hure farcen daga almakashi. "Amma ka ga hoton? Ko rawa bai yi ba."

Na ce na gani.

Ya ce, "Ashe ka gani."

Tsohuwa ta leƙo ni. "Ɗana, shigo mana, ka tsaya a rana kamar baƙo."

"Mama, doka ta hana."

Ta ce, "Ta 'yan ƙasa ko ta 'yan sama?"

Idan aka yi maka irin wannan tambaya, duba agogo ka ce kana da wasa. Kullum akwai wasa.

Sanarwa

Mai wannan shawara ba shi da alhakin ciwon hanci, ciwon baya, fushin suruka, ko abokin da ya daina kiran waya. Bai taɓa cewa akwai ɗaki a saman wani fili ba, in ma akwai, bai san abin da ke ciki ba. Wanda ya bi matakan nan abinci ya daina yi masa daɗi, ya je a gwada shi, wataƙila cutar ce. In kuma wata rana hannunka ya yi maka gardama ya ɗaga kyamara sama, kada ka waiwayo kana nemana a wurin taro. Zan zo, zan tsaya kusa da kai gwargwadon yadda doka ta yarda. Za a tambaye ni abin da na gani, ka kuma riga ka san amsar.