Rabin Duniya A Bangon Ajin Yaya

Jama'a, ku taya ni murna. Da safe na fita neman man babur, kafin azahar na zama ƙwararren malamin siyasar ƙasashe. Man dai ban samu ba.

Ga yadda aka yi. Yayata malama ce a sakandare, tana koyar da darasin nan da ake kwatanta yadda ƙasashe ke tafiyar da mulki: can firaminista, can shugaban ƙasa, can kuma wanda ya hau ya manta hanyar sauka. Shekara da shekaru tana wannan aiki ba ta da taswira. Kullum sai ta zana duniya a allo, malamin lissafi ya shigo bayanta ya goge ta da tsumma. Ɗalibanta na ajin ƙarshe jarrabawa ta matso musu, amma har yau akwai masu zaton ƙasashen duniya a jere suke kamar shagunan kasuwa, saboda a haka ta fi saurin zana su.

Sai aka aiko cewa za a yi wa malaman darasin bita, kuma Mai Girma Garkuwan Masu Alli da kansa zai raba kayan aiki, har da ƙwallon duniya, taswirar nan mai zagaye da ake juyawa da yatsa. Tun jajibiri Yaya ta goge mayafinta, ta share wa ƙwallon wuri a kan teburinta na aji.

Ta ce, "Auta, kai za ka kai ni. In ka makarar da ni, ni da kai ne."

Na ce, "Haba Yaya, ki ɗauka kin isa."

Gari ya waye tanki a bushe. Na tura babur zuwa gidan man da ke kallon zauren bitar, na shiga layi bayan maƙwabcina Mai Faci, wanda ya zo da jarkar injin iskarsa. Layin nan kun san shi, ba ya tafiya, tsufa kawai yake yi. Muna nan sai ga wani mutum da kati a wuya, yana haɗa gumi, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya. Ba fuska yake kallo ba, riga yake kallo.

Ya ce, "Kai mai farar riga, zo. Mai Girma ya taso, ga kujeru babu kowa, malaman duk suna hanya ba abin hawa. Ku zauna, in an tafa ku tafa. Akwai abinci."

Rigar Mai Faci duk baƙin mai ce, amma aka soka masa biro a aljihu, nan take ya koma malami. Ni kuwa na ce bari in kama wa Yaya wuri. Na bar babur a layi, tunda na san inda na bar shi nan zan same shi, na buga mata waya: "Yaya, taho a ƙafa, na kama miki kujera a sahun gaba."

Kafin ka ce me, zaure ya cika maƙil da mu malamai. Mai wanki, kwandasta, masu jarka, kowa ya ɗaure fuska irin ta masu ilimi. Ni da na bar aji ta taga ban sake komawa ba, sai ga ni an ajiye mini ruwan gora a gaba.

Wani masani ya tashi ya yi bayanin tsarin firaminista da na shugaba mai cikakken iko. Ya yi ƙoƙari, don har aka ɗauke wuta bai lura ba. Da ya gama ya nemi tambaya, Mai Faci ya ɗaga hannu.

"Malam, a cikin biyun nan, a wanne ake samun mai?"

Masanin ya jinjina kai ya ce, "Kun ji amfanin daɗewa a aji. Wannan tambaya ce ta gogaggen malami." Aka tafa. Ya tattara takardunsa ya zauna.

A lokacin ne na waiwaya na hango Yaya ta taga, mayafin da ta goge ya jiƙe da gumi, tana magana da mai gadi. Na fita da sauri na ce, "Baba, wannan fa ita ce malamar. Ni kujera na riƙe mata."

Ya ce, "Yaro, an ce mini malamai sun cika. Kai na ga shigarka, ita ban ga shigarta ba."

Yaya ta dube ni ta ce, "Koma ciki. In ka fito ba ƙwallon nan, kada ka biyo ta gida."

Can aka ji jiniya. Mai Girma ya iso, ya yi jawabi cewa malami kamar kyandir ne, ya ƙone don wasu su gani. Muka tafa, don gaskiya a ƙone muke. Sannan aka buɗe bayan motarsa aka fito da kayan aikin. Ƙwallo ɗaya ne. Sai a kira mutum, ya riƙe gefe, Mai Girma ya riƙe gefe, a ɗauki hoto, a karɓe, a kira na gaba. A gabana aka ba mai wanki duniya aka karɓe. Wannan shi ne adalci, kowa ya samu kuma ba a rage komai ba.

Da aka zo kaina na rungume ta sosai. Aka ɗauki hoto, ban saki ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta Yayata ce. Ga ta can a waje, yara na jira."

Mai Girma ya yi murmushi ya ce wa jama'a, "Kun ga kishin aiki?" Ana cikin tafi mai kati a wuya ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, yana raɗa mini cewa sauran suna hanya, wannan kuwa gobe ana jiranta a wani gari. Aka mayar da duniya bayan mota aka kulle.

A ranar gidan Mai Faci na ci abincin dare.

Amma kada a ce manya ba sa cika alkawari. Bayan ɗan lokaci aka aiko wa kowace makaranta ƙaton hoto, an rubuta a ƙasa: "An Wadata Malamai Da Kayan Aiki." Cikin duk hotunan nawa aka zaɓa, saboda ni kaɗai na fito kamar da gaske nake son abin. Shugaban makarantar su Yaya ya fara yi mata faɗan rashin halartar bita, sannan ya miƙa mata hoton a matsayin kasonta.

Ta kafa shi a bangon aji, da shi take koyarwa yanzu. Ba laifi, ana ganin ƙasashe da dama, kuma malamin lissafi ba ya iya goge shi. Babban yatsana ne dai ya danne wasu, zoben Mai Girma ya rufe teku guda, rabin duniya kuma yana ta baya, ya jingina da cikina. Wata ɗaliba ta tambaye ta ina sauran ƙasashen suke. Yaya ta nuna ni da sanda ta ce, "Tambayi malamin da ke hoton, shi ya je bita."

Don haka ina roƙon masu shirya jarrabawa, don Allah kada a tambayi yaran nan abin da ke ƙarƙashin yatsana. Ni dai Mai Girma ya yi mini abin da Babanmu ya kasa da bulala: kullum ina aji, ba makara, ba fashi. Babur kuma yana nan inda na bar shi, Mai Faci ya ce jiya ya matsa taku biyu, ta baya.