Sabulun Kaka da Idon Marigayi

"...Lafiya lau na kwana, sai dai ɓarayi," in ji Kaka, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Tana bakin gado tana zira zare, tana leƙen kafar allura ta cikin gilashin idon kyamarar marigayi mijinta. Mai hoto ne, kyamarar ta mutu tun kafin shi, idon kaɗai ya rage. Jikanta Dogo ya daɗe yana maitar idon nan, don ɗaukar hoto da fim irin na da yake son koya. Tsohuwa kuwa ta gindaya sharaɗi: ya sayo kyamarar da bakinta zai karɓi idon, amma ido ba zai tsallake ƙofar ɗakinta ba. In ya shiga, nasa ne. In ya ƙi, a binne maganar. Yau ga shi da ƙunshi a hammata.

"Me aka sace miki, amarya? Haƙoran dai tuni suka yi ƙaura."

"Sabuluna sabo fil! Miji ba cefane, sai tsawo kamar sandar rake. Me ka ƙunso?"

Ya kwance. Wata baƙar kyamara ce, gefenta duk ya goge, ƙarfe ya fito.

Kaka ta tafa hannu. "Wannan dutsen guga ne ko kwaɗon kurkuku? A bola ka tsinto?"

"Sa'arki ce. Da na gan ta sai da na durƙusa na gaishe ta."

"Ina masu sheƙin da 'yan zamani ke ratayawa?"

"Kyan ɗan maciji. Mai shago ya nuna mini wata mai yi wa mutum komai, kai dai danna. Na ce ni koyo na zo yi, a ba ni wadda zan murɗa haske da nisa da hannuna. Wannan ko batir ya mutu tana aiki."

"Ya ga ƙauye a goshinka, ya sauke maka kwantai."

"Da tsohuwar zuma ake magani. In ba haka ba me ya zaunar da ni da ke?"

"Ungo naka! To, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ba kowane ido ke zama a kowace fuska ba. Kakanka ya sha faɗa, kowace kyamara da irin bakinta. Kai da ba ka fita da shi ba, da duba ka auna?"

Dogo ya sa hannu a aljihu, ya ajiye wani abu kan cinyarta. Sabulu ne, da zagayayyiyar shaida a tsakiya, har da gurbin 'yan haƙoran ƙarfe.

Kaka ta yi salati. "Ashe ɓeran gida ne! Ni ina can ina tsine wa mage!"

"Kin ce ido ba zai fita ba. Kin ce sabulu ba zai fita ba? Kina wanka na danna gindin idon a kai. Hoton waya na fara kai wa mai shago, ya ce duk bakunan kama suke masa. Da ya ga wannan kuwa, sai da ya yi dariya ya ƙoshi, sannan ya shiga ƙuryar shago ya lalubo ta."

"Ɓarawon sabulu!"

"Haba amarya, ke matar mai hoto ce. Ba wanke hoto ake yi ba? Da me za a wanke?"

"Allah ya shirya. Miƙo, sai an gwada akan san na ƙwarai."

Ita ta riƙe kyamarar da kanta. Ta daidaita jan ɗigon idon da jan ɗigon bakin kyamarar, ta murɗa a hankali.

Ƙyas!

Ido ya zauna daram. Dogo ya daka tsalle har ya buge ƙwan fitila da kai.

"Ya shiga! Tsohuwa, faɗi ki ƙara! Wa ya ci?"

Kaka ta ja ɗan hannun da ke juya fim da babban yatsa, ta danna maɓallin ɗauka. Ƙarar ta cika ɗakin. Rabonta da jin wannan ƙara tun maigidan yana da rai, kewarsa ta taso mata. Ta goge ido da gefen mayafi.

"Kuka kike, amarya?"

"Warin sabulun sata ne ya shigar mini ido." Sai ta fashe da dariya, ta tura masa kyamarar. "Ɗauki, ja'iri, ka ci. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma ka sayo mini tabarau, don ka raba ni da allura."

"An gama. Sai me?"

Ta gyara ɗauri, ta miƙe wuya, ta haɗa hannu a cinya.

"Sa fim. Idon nan ya kalli matan gari kaf, ni kuwa kullum sai kakanka ya ce, 'Ke ta gida ce, gobe.' To, goben ta yi."